Jarkar Rake da Na Kai Tsafe

Ranar da na ɗauko sababbin jarkoki daga shagona na juye tulunan khal a ciki, jikina ya ba ni za a yi ɓarna. Hannuna yana kan murfin jarka ta ƙarshe, zuciyata tana cewa, Shu'aibu kada ka murɗa. Duk wanda ya taɓa haɗa khal, ruwan tsamin nan da ake yi da ɗan itace, ya san ba a toshe masa baki kafin ya nuna. Na sani sarai. Amma na murɗa, har na sa ƙarfi.

Robobi nake sayarwa a kasuwar Gusau: bokiti, baho, buta, jarka. Gidana yana Damba. Karatuna bai yi nisa ba, kuma ban taɓa yin wani abu da hannuna da za a nuna a ce aikin Shu'aibu ne ba, sai bara. A azumin bara ne na ji malami a wurin tafsiri yana bayanin yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabi khal a matsayin abin haɗa abinci. Washegari na je kantin magungunan Musulunci na sayo ƙaramar kwalba. Da muka sha ruwa na ɗanɗana, sai na ji kamar ruwan batir. Na ce wannan ba zai zama abin da aka yaba ba.

Wani dattijo mutumin Bilbis da ke sayen bokitai a wurina, wanda ya daɗe a Makka yana aikatau, shi ya gaya mini yadda ake yi. Ya ce a samu ɗan itace mai zaƙi, a zuba ruwa da sukari a tulun ƙasa, a ɗaure bakin da ƙyalle mai tsabta yadda iska za ta shiga amma ƙuda ba zai shiga ba, sannan a yi haƙuri. Daga nan na faɗa.

Na fara da dabino, ya yi funfuna baƙi ƙirin, na zubar. Na sake, ya sake lalacewa. Sai da mangwaro ya shigo da bazara sannan na ga abin da ake nufi. Wata safiya na kwance ƙyallen, sai ga wani faifai mai santsi yana shawagi a saman ruwan, kamar fatar da ke taruwa a kan kunu. Dattijon ya riga ya gaya mini wannan ita ce uwar khal, da ita ake tayar da na gaba. Na je masallaci na dawo, na tarar matata Rabi ta kwashe ta da ludayi ta watsa wa kaji, wai tana taimakona ta cire datti. Ranar ban ci tuwo ba.

Duk da haka na mangwaron ya fito, garau, launin zuma, mai tsamin da ke buɗe hanci ba ya ƙona maƙogwaro. Da damina na gwada ɓawon abarba, ya yi. Na gwada kankana, ta ba ni kunya. Na yi na gwaiba, na yi na kanya da sanyi, wanda ban ji wani ya taɓa yi ba, kuma shi ne na fi so. A shekara guda na tashi daga mutumin da bai san komai ba zuwa wanda yake sanin inda tulu ya kai daga bakin ƙofar ɗaki, da hanci kawai. Ba wanda ya taya ni murna. A gida sai dai a ce ɗakin baya yana tara ƙananan ƙudaje. A majalisar ƙofar masallaci suka sa mini Sarkin Tsami, idan na doso sai wani ya toshe hanci ya ce a matsa wa sarki.

Akwai abu ɗaya da ya hana ni sukuni tun farko. Ruwan zaƙi ba ya tsallakewa kai tsaye ya zama khal. Yakan fara kumfa, ya biya ta wani hali da hancin kowane Musulmi zai ƙi, sannan iska ta juya shi ya koma tsami. Idan aka hana shi iska, a wannan halin na tsakiya zai tsaya. Da na gane haka na je na samu limamin unguwarmu shi kaɗai. Ya ce idan ya gama juyawa ya zama khal, ya tsarkaka, amma kada ya taɓa harshena kafin nan. Ya ƙara da cewa in yi hattara, don mutane da hanci suke yanke hukunci, ba sa jiran bayani. Na kiyaye na farko ban taɓa saɓawa ba.

Na ƙarshe da na ɗora shi ne na rake, a babban tulu, don ya zama cikamakin shekarata. Yana tsakiyar kumfa ne maganar auren Asiya ta taso.

Asiya ɗiyata ce ta biyu, malamar firamare. Ita ta zaɓi Yazid da kanta, ma'aikacin jinya, ɗan wani tsohon gida a Bungudu, gidan alƙalai da malamai tun kakanni. Ta daɗe tana jira ya kammala karatu, ta kori masu zuwa da dama saboda shi. Bayan ƙaramar Sallah ya ce manyansa za su zo. Kowa ya san kafin irin wannan gida su tako, sai sun aiko an shinshina unguwa, an tambayi waye uban yarinya, me yake yi, da wa yake zama.

Rabi ta ce tuluna su bar gidan. Na ce ba inda za su je, halal nake yi, liman shaida ne. Ta ce liman ba zai bi matan Bungudu har ɗakin baya yana yi musu fatawa ba, kuma turaren wuta duk tsadarsa ba ya danne wannan wari. Muka yi kwanaki muna ja. Ni ina ganin duk shekarar nan abu ɗaya na yi na kaina, shi ne kuma ake so a fitar kamar mushe.

Asiya ce ta karya ni. Ta same ni a ɗakin baya da hantsi ina gyara ƙyallen tulu, ta durƙusa a bakin ƙofa, ba ta shigo ba.

"Baba, ni ban ce ka bari ba. Ka dai ara mini gidan, har su zo su tafi."

Da yamma na ɗauko jarkoki.

Tulu ba ya shiga mota a buɗe, shi ya sa na juye su. Na mangwaro, na abarba, na gwaiba da na kanya duk sun nuna, rufe su ba komai. Na raken ne kaɗai bai kai ba. Na yi shawarar in kai su Tsafe wurin yayana Haliru, mai sayar da hatsi, don yana da ɗan ɗaki a jikin zaurensa da ba kowa a ciki sai buhuna. Na kai da kaina. Na nuna masa babbar jarkar, na ce da zarar ta huta daga jijjigar hanya ya cire murfin ya ɗaura wannan ƙyallen. Na maimaita. Yaya Haliru yana lissafin buhunan masara da wani direba, ya ce, "To, to, Sarkin Tsami, an ji." Ashe har sunan ya riga ni isa Tsafe.

Aka wanke gida, aka yi turare. Mata suka zo daga Bungudu suka sha zoɓo suka yaba tarbiyyar Asiya. Bayan su sai ga baffan Yazid, Alhaji Ummaru, da wasu dattawa biyu. Dogo ne, siriri, tsohon ma'aikacin kotu, yana magana a hankali kamar yana auna kowace kalma a sikeli. Muka zauna a zaurena mai ƙamshi. Ya faɗi abin da ya kawo su.

Na yi abin da kowane uba zai yi. Uba ba ya ba da ɗiyarsa da bakinsa alhali yana da wa a raye. Na sunkuyar da kai na ce ai ni ba ni da ɗiya, ubanta yana Tsafe, Alhaji Haliru, duk abin da ya yanke shi ke nan. Alhaji Ummaru ya ji daɗin wannan, ya ce haka gidan mutunci yake. Ya ce tunda rana ba ta yi nisa ba kuma hanyar Tsafe ba a son yin yamma a kanta, bari su wuce yanzu su gama da magana ɗaya.

Na raka su har mota, na ɗaga musu hannu. Sai da motar ta sha kwana sannan abin ya faɗo mini. Na shiga gida na tarar Rabi tana murmushi tana tattara kofuna. Na ce mata sun tafi wurin Yaya. Ta ce madalla. Na ce a zauren Yaya za su zauna. Kofin da ke hannunta ya tsaya a sama. Mun yi gudun gara mun faɗa gidan zago, kuma da bakina na nuna musu hanya.

Na kira wayar Yaya, ba ta shiga. Na kira ta matarsa, a kashe. Bin su kuma ba zai yiwu ba, uban yarinya ba ya bayyana a wurin da ake neman aurenta. Na yini ina fita ƙofar gida ina dawowa. Na riƙa gaya wa kaina ai na ce ya buɗe, na ba shi ƙyalle a hannu, kuma ko ƙamshi ya fito, ƙofar ɗakin a rufe take.

Da sassafe na hau motar farko zuwa Tsafe. Tun daga bakin zauren hancina ya gaya mini komai. Yaya Haliru ya tare ni da fara'a, ya ce an ba da Asiya, saura su dawo a sa rana. Ya ce mutanen kirki ne, har sun yi raha.

Na wuce shi na tura ƙofar ɗan ɗakin. Babbar jarkar ta kumbura ta yi ciki kamar akuya mai shirin haihuwa. Murfin yana nan daram, irin mai kyau da nake yi wa masu saye rantsuwa a kansa cewa ko iska ba ta ratsa shi. Ƙyallen da na ba shi yana rataye a ƙusa, da alama ma an goge hannu da shi.

Yaya ya ce mantawa ya yi, daga baya kuma da ya tuna sai ya ga gara a bar ta a rufe saboda ƙuda. Sannan ya ba ni labari yana dariya. Wai suna tsakiyar addu'a sai aka ji wani abu yana tsiii daga ɗaki, kamar taya tana sacewa, sai wari ya biyo baya. Dattawan suka dubi juna. Shi kuwa don kada su yi wani zato, ya fito musu da gaskiya: khal ne na ƙanena, uban yarinyar, da hannunsa yake yi, duk Gusau ba mai irinsa. Har ya yabe ni, abin da bai taɓa yi a gabana ba. Kuma tunda baƙo ba ya fita gidansa hannu rabbana, ya wanke kwalba ya cika wa Alhaji Ummaru tsaraba.

Na tambaye shi daga wace jarka.

"Daga babbar mana. Ita ce na ga tana da rai. Waɗancan ƙananan ai sun mutu, ko motsi ba su yi."

Na sassauta murfin kaɗan, iska ta fita da ƙarfi, na kai hanci. Ba digon tsami a ciki. Rake ne da ya tsaya cak a tsakiyar hanya. A duk shekarar nan ban taɓa barin irin wannan ya fita daga ɗakin baya ba, ko a cokali. Yanzu ga kwalba guda cike tana gidan alƙalan Bungudu, da sunana a kanta.

"Yaya, ka san abin da ka ba su?"

"Khal."

"Giya ka ba su."

Ya daina dariya. Ya zauna a kan buhun masara, ya cire hula ya riƙe. Can ya ce, to ni me ya sa zan kawo masa irin wannan abu gidansa ban faɗa masa ba. Na ce na faɗa, yana ƙirgen masara. Muka ɗaga murya har matarsa ta leƙo. A ƙarshe ya ce shi zai je Bungudu ya gyara, tunda shi ne waliyyi. Na ce me zai ce musu, shi da bai san bambancin mai rai da matacce ba. Wannan maganar ta yi masa zafi, ni ma na san ta yi yawa, amma ban janye ba.

Na cire murfin gaba ɗaya, na wanke ƙyallen na ɗaure bakin jarkar da kaina. Na cika wata kwalba da na mangwaro, na sa a aljihun babbar riga, na nufi tasha.

Motar Tsafe ta sauke ni a Gusau. Gidana ba nisa, amma ban biya ba, don na san Rabi za ta hana ni, kuma tana da gaskiya. Uban yarinya ya kwashi ƙafa ya je gidan masu nema washegarin ba da ita, ba gayyata ba rasuwa, ai kamar talla ya kai. Na san za a faɗa. Na hau motar Bungudu ina saƙa magana ina kwancewa. In na ce kuskure aka yi a ba ni kwalbar, na tona abin da wataƙila ba su gano ba. In na yi shiru kuma, wani tsoho zai zuba a cokali da bismillah.

Gidan babba ne, na ƙasa, mai zaure cikin zaure. Alhaji Ummaru ya fito da carbi a hannu. Bai nuna mamaki ba, ya sa aka shimfiɗa darduma, aka kawo ruwa. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi hanya, ya tambayi kasuwa, ya tambayi zafi.

Na faɗa masa komai yadda yake. Na ce kwalbar jiya ba ta nuna ba, kada kowa ya kai ta baki. Na yi masa bayanin tulu da ƙyalle da iska, da yadda murfi ya tsayar da ita, da abin da limaminmu ya ce. Na ji kaina ina zuba kamar mai tallan magani a mota, har ina ba shi labarin na kanya, abin da bai tambaya ba. Na fito da na mangwaro na ajiye a gabansa, na ce wannan shi ne aikina na gaskiya.

Ya ɗauka ya ɗaga ta wajen haske. Ya buɗe ya shinshina, ya gyaɗa kai, ya rufe. Bai ɗanɗana ba. Ya ce hukuncin da liman ya faɗa haka yake a littafi, shi ma ya karanta, ba ya jayayya. Ya yaba da na tako da kaina, ya ce ba kowa zai iya ba. Har na fara zaton an wuce wurin. Sai ya ajiye carbin a kan gwiwa.

"Malam Shu'aibu, tambaya ɗaya gare ni. Tsakanin ya bar rake da ya zama khal, wanga abu a gidan wa yake kwana?"

Na ce a gidana.

"Gidan da yarinyar take."

Na ce nan ne, amma a ɗakin baya, kuma ba mai shiga sai ni.

Ya ce to. Ya ce shi ɗan aike ne, mai magana yayansa ne, mahaifin Yazid, kuma tsarabar jiya tun a daren aka shigar masa da ita tare da saƙon Tsafe, kamar yadda aka saba. Tsohon ba ya jin daɗin jikinsa, bai fito ba yau. Zai shiga ya gaya masa duk abin da na ce, ba ragi ba ƙari. Na roƙa a fito mini da kwalbar in tafi da ita. Ya yi ɗan murmushi ya ce kyauta ba ta komawa, kuma abin da ya shiga ɗakin yaya, ƙane ba ya shiga ya ɗauko. Ya raka ni har bakin zaure na waje, ya ce in gaida gida, za mu ji daga gare su.

Da na dawo Damba, labari ya riga ni, Yaya ya samu waya ya kira Rabi. Ba ta yi faɗa ba, na fi son a ce ta yi. Ta ajiye mini abinci ta koma ɗaki. Asiya ce ta kawo mini ruwan wanke hannu. Ta tambaye ni ko da gaske na je Bungudu. Na ce na je.

"Da ka bari Yazid ya ɗauke ta a ɓoye, Baba. Shi ke ba mahaifinsa magani safe da yamma. Waya ɗaya ce."

Wannan bai zo mini a rai ba ko sau ɗaya, daga Tsafe har Bungudu. Na zauna da hannu a cikin ruwa. Ta ɗauki butar ta fita.

Ta kira Yazid a ranar. Ya ce ya duba ɗakin mahaifinsa bai ga kwalba ba, kuma ba zai iya tambaya ba, don yaro ba ya sa baki a maganar aurensa. Har yanzu yana kiranta kullum, yana cewa ta kwantar da hankali, manya ba su ce komai ba. Ni kuwa rashin cewar ne yake cina. Da sun ce sun fasa, da na san abin da zan yi wa kuka. Da sun ce in bar khal, wallahi da na fasa tulunan a gabansu, duk da ban yarda na yi haram ba.

Ɗakin baya yana nan fayau, tulunan a kife. Wani lokaci nakan shiga in tsaya, in tuna a cikin shekara guda na koyi abin da ba wanda ya koya mini sai dattijo ɗaya da hancina, na yi iri huɗu masu kyau da za a iya kai wa kowa. A majalisa an daina kirana Sarkin Tsami. Idan na doso sai a gyara mini wuri a canja magana, daga nan na gane zancen ya iso unguwa. Yaya Haliru ya aiko a tambaye ni yaushe zan kwashe kayana daga zaurensa. Ban ba shi amsa ba, don ban san inda zan kai su ba.

An shiga watan Babbar Sallah, lokacin da suka ce tun farko za su dawo a sa rana. Asiya tana zuwa makaranta tana dawowa, duk motar da ta tsaya a layinmu sai na ga ta ɗaga kai. Har yau ban sani ba ko mahaifin Yazid ya buɗe kwalbar nan, ban san abin da ƙanensa ya gaya masa ba, kuma ba mu san ko za su dawo ba.